Bayan Ritaya Na Koma Bakin Ƙorama

Duk wanda ya tashi daga Madawa ya bi ta Buza zuwa Keita zai ga aiki iri uku da hannun mutum ya yi wa ƙasa. A kwarin Tarka akwai rijiyoyin lambu da fangalan albasa. A kwarin Majiya akwai layukan bedi da aka fara dasawa a 1975, da taimakon ƙungiyar CARE, layi biyu-biyu, mita 100 tsakanin wannan shinge da wancan, don su karya ƙarfin iskar da ke binne shuka da rairayi. A tuddan Keita kuwa akwai kunyoyin dutse masu bin kwanciyar ƙasa, da ramuka a jikin tsaunuka, da madatsai a cikin ƙoramu. Ni ma'aikacin gyaran ƙasa da tare ruwa ne. A Kollo na yi karatu, a makarantar horar da ma'aikatan raya karkara, kuma yawancin shekarun aikina a waɗannan gundumomi uku na jihar Tawa suka ƙare.

Ina saurayi aka turo ni Keita, lokacin da aka buɗe babban aikin nan na raya Adar a 1984, wanda Italiya ta ba da kuɗinsa, hukumar FAO ta riƙe ɓangaren fasaha, hukumar abinci ta duniya kuma ta kawo hatsi da mai don biyan masu aiki. Shekarar yunwa ce. Mutanenmu sun raɗa mata suna El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da Buhari ya yi. Rumbuna sun zama wayam, maza sun watse cin rani, garuruwa sun koma na mata da yara da tsofaffi. Shi ya sa yawancin duwatsun da kake gani a jere a kan tuddan Tamaske da Garhanga da Ibohaman, a kan mata suka hau. Na gan su da idona, goyo a baya, gammo a ka, suna hawa da sauka tun hantsi har azahar.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce, kuma Renato Carucci, Baturen Italiya da ya jagoranci fasahar aikin shekara da shekaru, ya tsaya a kanta: daga sama ake kama ruwa. A kan fakon tudu a yi kunyoyi a lulluɓe su da dutse. A gangaren tsauni a haƙa ramuka, kowanne tsawonsa mita 3, faɗinsa da zurfinsa santimita 60, a jera su a karkace yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa, a dasa itace a kowanne. Sai an gama da waɗannan sannan a sauko cikin ƙorama a gina madatsa. Cikin kusan shekara ashirin an farfaɗo da fiye da hekta 34,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. A cikin waɗannan shekaru ne aikin ya faɗaɗa har Buza da Abalak.

Da lokacina ya cika na ajiye aiki, na koma gida ina ɗan lambun albasa da kiwon tumaki, ina zuwa masallaci a kan lokaci. Ban yi zaton zan sake riƙe ma'auni ba. Sai wata damina ruwa ya cinye wata sabuwar madatsa a wani ƙauye na ƙasar Buza, tun ba ta ga damina ta biyu ba. Ruwan bai taɓa tsakiyar ginin ba. Ta gefe ya zagaya, ya yanke gaɓa, ya kwashe gonakin mutane uku ko huɗu. Wani matashin injiniya da ke aiki da ƙungiyar da ta ba da kwangilar ya zo har gida ya same ni, ya tsuguna ya gaishe ni, ya ce, “Baba, an ce mini ku ne kuka gina irin waɗannan a Keita, har yau suna nan. Mu tamu shekara ɗaya ta yi. Ku zo ku duba mana.”

Na je. Ba sai an daɗe ana dubawa ba. An gina bangon, na ragar ƙarfe cike da dutse, daidai da zane, amma fikafikansa ba su shiga cikin gaɓa da nisa ba, kuma ba a yi wa ƙasan ginin shimfiɗar dutse inda ruwa ke faɗowa ba. Duwatsun da aka cika ragar ƙarfen da su ma, da yawa sun fi idon ragar ƙanƙanta, ruwa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Sama da duka, tsaunin da ke zubo wa ƙoramar ruwa tsirara yake, ko rami ɗaya babu. An ɗaure wa ruwa ƙafa, an bar kansa a sake.

Daga nan aka roƙe ni in riƙa bin matasan ma'aikata zuwa daji ina nuna musu abin da na sani. Sharaɗi ɗaya na kafa: ba zan koyar a ɗaki ba. Sun ƙoshi da ɗaki. Suna da takardun shaida da suka fi nawa, sun iya lissafin yawan ruwan da ƙorama za ta kwaso, sun iya zane a kwamfuta. Abin da ba su samu ba shi ne wanda zai tsaya da su a bakin ƙorama washegarin ruwa ya ce su duba inda ciyawa da kara suka maƙale a jikin bagaruwa, domin nan ne iyakar tsayin da ambaliya ta kai. Tsararrakinmu da suka san wannan sun watse tun da manyan ayyukan suka rufe. Wasu sun rasu, wasu sun tafi Yamai, wasu suna gida ba wanda ya tambaye su. Rahotanni suna nan jibge a ofisoshi, amma rahoto yana faɗin abin da aka gina ne, ba ya faɗin dalilin da ya sa aka matsar da gini taku ashirin daga inda zane ya ce.

Darasin farko da na ba su na tiyon ruwa ne. Siririn tiyo ne gani-har-hanji, a cika shi da ruwa, a ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna biyu masu alama. Idan ruwan ya tsaya a alama ɗaya a sandunan biyu, to wuraren biyu tsayinsu ɗaya, sai a kafa turke. Haka ake fitar da layin da kunya za ta bi. Wani daga cikinsu ya yi murmushi ya ce, “Baba, ai muna da na'ura.” Na ce masa, “Ɗana, na'urarka tana komawa Tawa da kai ranar da kwangila ta ƙare. Tiyon nan a ƙauye zai kwana.” Kunyar da ta kauce wa layinta tara ruwa take yi a wuri ɗaya har ya fasa ta, kuma ruwan da ya fasa kunya ya fi wanda ba a tare ba ɓarna, domin a dunƙule yake fita.

Na nuna musu yadda ake haƙa rami mai siffar rabin-wata bakinsa na kallon tudu, da yadda ake zuba taki a ciki kafin ruwan fari. Na nuna musu cewa dakwara da bagaruwa sun fi jure fako, gawo kuma a gona ake barinsa, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa. Na ce kada su dasa itace ɗaya sai sun zauna da mai gari da makiyaya an yi maganar awaki, don dashen da ba a tsare shi shekara biyu ko uku ba, kiwo aka shuka.

Amma darasin da ya fi shiga jikinsu ba daga bakina ya fito ba. A wani ƙauye kusa da Tamaske na kai su wurin wata tsohuwa da ta shugabanci rukunin mata masu jidar dutse a zamanin aikin. Ta gane ni tun daga nesa, ta ce, “Mushe, ashe kana raye?” Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyyar waɗanda suka riga mu. Sannan ta kama hannun wata budurwa injiniya da ke cikinmu, ta ja ta zuwa wata tsohuwar kunya, ta ce, “Ɗiyata, duba nan. Babban dutse a ƙasa, ki binne gindinsa, ƙanana su toshe kafofi ta wajen da ruwa ke zuwa. In kin ɗora shi bisa ƙasa haka nan, ruwa ta ƙarƙashi zai bi.” Ta nuna mata inda kunyar ta taɓa fashewa, da yadda suka gyara ta da kansu bayan an daina rabon abinci, saboda gonar da ke bayanta ta fara ba da hatsi. Yarinyar ta rubuta komai, ta ɗauki hoto da wayarta. A mota ta ce mini, “Baba, a makaranta ba a taɓa gaya mana cewa akwai irin waɗannan malamai ba.”

Su ma sun buɗe mini ido. Wata rana suka nuna mini hoton tauraron ɗan'adam na kwarin Keita a kwamfuta. Wuraren da na taka da ƙafa shekara da shekaru, ban taɓa ganinsu gaba ɗaya ba sai ranar. Ga layukan kunyoyi, ga duhun itatuwa inda muka san fako ne, ga kuma madatsan da rairayi ya cike, ga sababbin zaizaya da suka tsage ta inda aka bar gyara. Aikin da da yake cin mu mako guda muna yawo, yanzu kafin shayi ya nuna sun gano inda za a fara. Sai muka raba aiki: su nemo wurin daga sama, mu je tare mu karanta shi a ƙasa, mu tambayi masu gonar ta ina ruwa ya bi bara.

Yau ana ta maganar farfaɗo da ƙasa, daga shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 zuwa ayyukan da ake biyan mutane kuɗi su haƙa rabin-wata. Kuɗi na shigowa, matasa masu ilimi suna nan. Abin da ke ƙarewa shi ne mutanen da suka ga ginin nan tun yana sabo, suka ga abin da damina talatin ta yi masa. Ko ni gwiwa ta fara hana ni hawan tsauni, a gindi nake tsayawa ina nuni da sanda. Shawarata ga hukumomin Keita da Buza da Madawa ita ce kowace ƙaramar hukuma ta rubuta sunayen tsofaffin ma'aikatanta da shugabannin rukunonin mata da suka rage, kuma kada a sa hannu a kan wata sabuwar madatsa sai ɗaya daga cikinsu ya taka wurin tare da injiniya. Kuɗin motarsu da na goro bai kai na ragar ƙarfe ɗaya da ruwa zai tafi da ita ba.

Budurwar nan injiniya yanzu ita ke duba wani aiki a ƙasar Madawa. Kwanan baya ta kira ni ta ce ta mayar da mota biyu ta duwatsu saboda sun yi ƙanana, ɗan kwangila ya yi ta faɗa, ta ce ko dai ya canjo su ko ba ta sa hannu. Ya canjo su.