Alƙalin Wasan Da Ya Fito Daga Yamai

Duk shekara idan lokacin gasar ƙwallo ta gidajen ɗalibai ya zo, ba mu shan wahalar samun 'yan wasa. Yara kan cika fili, kowa na son riga mai lamba tara ko goma. Wahalarmu ita ce wanda zai riƙe usur. A ofishin malamai sai kowa ya duƙufa kan littattafan da yake dubawa, wani ya ce gwiwarsa na ciwo, wani kuma ya tuna yana da taron kwamitin ikkilisiya. Dukanmu mun san abin da ke jiran rafali a bakin fili, daga yara har iyayensu.

Shi ya sa muka ga ya dace mu ba ɗalibanmu labarin Lucien Bouchardeau, mutumin Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyarmu ta arewa. An haife shi a 1961. Ya yi alƙalanci a gasar cin kofin Afirka ta 1996 a Afirka ta Kudu, da wasannin Olamfik na Atlanta a wannan shekarar, da kuma gasar Afirka ta 1998 a Burkina Faso. Daga nan hukumar FIFA ta kira shi gasar cin kofin duniya a Faransa. Mu a Nijeriya, duk yawanmu da cika bakinmu a kan ƙwallo, ba mu taɓa samun wanda ya busa usur a tsakiyar fili a wannan gasa ta maza ba.

Ran 11 ga Yuni 1998 aka ba shi wasan Italiya da Chile a birnin Bordo. Vieri ya fara ci wa Italiya, Marcelo Salas ya rama, ya kuma ƙara. Saura 'yan mintoci a tashi, Chile na gaba da ci 2 da 1, sai Roberto Baggio ya ɗaga ƙwallo a cikin da'irar gidan Chile, ta bugi hannun Ronald Fuentes wanda ke tsaye dab da shi. Bouchardeau ya ba da fenariti. Baggio, wanda ya zubar da irin wannan bugu a wasan ƙarshe na 1994, wannan karon bai kuskure ba. Aka tashi 2 da 2.

Doka a lokacin ta ce sai an taɓa da gangan. To, hannu ne ya je wa ƙwallo, ko ƙwallo ce ta zo wa hannu? Mu da muka kalli hoton sau da yawa muna zaune a inuwa, muna ganin hukuncin ya yi tsauri. Amma shi sau ɗaya ya gani, yana gudu, bayan minti tamanin da wani abu, dubban mutane na ihu a kansa, kuma ba shi da damar cewa a dakata ya yi tunani. Malamin da ya taɓa raba gardamar yara biyu, kowanne na rantsuwa, ya san ɗan kaɗan daga wannan nauyi.

Ba a sake ba shi wasa a gasar ba. Chile kuwa ta wuce zagaye na biyu abinta, inda Birazil ta doke ta 4 da 1. Abin da ke damunmu shi ne, shekarun da mutumin nan ya kwashe yana hawa mataki-mataki daga filayen Nijar duk an shafe su, ba a tuna shi da komai sai busa ɗaya. Yaranmu ma haka suke yi wa malamin da ya taimake su ya riƙe usur: wasa tara ya tafi lafiya ba godiya, na goma ya zama sunansa har ƙarshen zango.

Bouchardeau ya rasu a Yamai a watan Fabrairu 2018, yana da shekara 56. Wata huɗu bayan haka aka buɗe gasar duniya a Rasha, inda a karo na farko aka ba alƙalin wasa izinin zuwa gefen fili ya sake kallon abin da ya faru a talabijin kafin ya yanke hukunci.