Yaran Sabo Da Maganar Fita Daji



Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da samarinmu da aka haifa a nan Sabo ta Ibadan, kuma na san ya shafi na Sabon Shagamu da na Agege da na Ama Hausa a Owerri. Yaro sai ya kai shekara goma sha takwas duniyarsa ba ta wuce gida da makarantar allo da ta boko da shagon babansa ba. Tun 1916 aka kafa unguwar nan tamu, amma ka tara yara ka tambaye su wa ya taɓa hawa hasumiyar Bower da ke kan dutsen Oke Are, wadda ba ta da wani nisa da mu, za ka sha mamaki.

Gaskiya muna da 'yan agaji, Allah ya saka masu da alheri. Na Fityanul Islam da na Jama'atu da na Izala, su ne ke daidaita sahu ranar Idi, su tsare motoci wajen wa'azi, su kai maras lafiya asibiti, in an yi rasuwa su ne a maƙabarta da diga da shebur. Wannan kam iyayenmu ba sa hanawa, don aikin Allah ne. Amma da zarar yaro ya ce zai shiga Sikawut ko Man O' War a makaranta, sai ka ji an ce, "Yawon banza! Wa zai tsare shago?"

To jama'a, ita Man O' War ɗin nan ba jiya aka fara ta ba. A 1951 wani Bature mai suna Alec Dickson ya buɗe sansanin horar da matasa a bakin teku kusa da garin Victoria, wanda yanzu ake kira Limbe a Kamaru, kuma sunan wurin ne ya bi ƙungiyar. Daga baya cibiyar ta dawo Najeriya a hannun gwamnatin tarayya, tana da makarantar hawan dutse a Shere kusa da Jos, da ta ruwa a Apapa. Duk wanda ya yi bautar ƙasa ya san su, don su ne ke sa masu digiri hawan igiya da tsallake katanga a sansani.

Ni sai da Kawu ya sa baki kafin Baba ya bar ni na shiga, ina aji huɗu na sakandare, kuma da sharaɗi biyu: kada salla ta wuce ni, kuma in ba ranar fita ba ce a same ni a shago. Fitar da ba zan manta ba ita ce ta Ado-Awaye, inda muka hau dutse har can ƙololuwa muka ga tafkin Iyake zaune a samansa, ikon Allah. A hanyar hawa ne na gane abin da ake nufi da wannan wahala. Ruwanka zai ƙare, wani ya ba ka nasa. Wanda kake ganin ya fi ka ƙarfi zai zube, kai ka ɗaukar masa jaka. Da azahar ta yi na ce wa kwamanda zan yi salla, sai ga yaran Yarbawa Musulmi sun biyo ni, Kiristocin suka zauna suna gadin kaya. Kafin ranar nan "Gambari" suke kirana. Bayan mun sauko, kowa da sunana yake kirana. Yarabancina ma a nan ya wuce na "nawa ne, rage mani".

Sai kuma aikin gayya. Kafin damina mukan fita yashe kwata, mu kwashe leda da robobi da suka toshe hanyar ruwa. Wanda ya san Ibadan ba ya raina wannan aiki. Manya har yau suna ba da labarin ambaliyar Ogunpa ta 1980, ni kuma ina yaro aka yi ta 26 ga Agusta 2011, wadda ta ci sama da mutum ɗari. Ruwa in ya taso ba ya tambayar yarenka. Kuma mutanen gari in suka ga ɗan Sabo a cikin kwatarsu, laka har gwiwa, kallon da suke yi mana yana sauyawa. Na ga wata tsohuwa ta fito mana da ruwan sanyi tana ta sa albarka.

Amfanin wannan cuɗanya ban gan shi sosai ba sai a Fabrairun 2021, lokacin rikicin kasuwar Shasha, inda daga 'yar hatsaniya aka ƙone shaguna da gidaje, aka rasa rayuka ɓangare biyu. Wayar farko da na samu ranar, daga abokin da muka hau dutse tare ce, yana gaya mani hanyar da kada mu bi. Ban ce ƙungiya za ta hana rikici ba, ina! Amma a irin wannan rana akwai bambanci tsakanin yaron da ke da lambar mutum ashirin a wajen Sabo da wanda bai san kowa ba.

Su ma iyayenmu suna da hujjarsu, ban ƙi ba. Kaki da takalmi da kuɗin mota duk kuɗi ne, Asabar kuma ranar ciniki ce. Ga tsoron kada yaro ya faɗa hannun 'yan ƙungiyar asiri, abin da ya yi yawa a makarantun nan. Maganin wannan shi ne uba ya taka da ƙafarsa ya ga malamin da ke kula da yaran, ba ya hana daga zaune ba.

Ga shugabannin agajinmu kuwa ina da roƙo. Tunda iyaye sun yarda da ku, me zai hana ko sau ɗaya a shekara, bayan Babbar Salla da kasuwa ta lafa, ku ɗebi yaran ku kai su dutsen Olumo a Abeokuta, ku gayyaci matasan wani masallacin Yarbawa ku tafi tare? Hayar bas biyu da tukunyar shinkafa ba za su gagari 'yan goro da 'yan canji na Sabo ba. Ni na ɗauki nauyin ruwan sha.

Wassalam.