KWALABEN DA AKA CIKA A RIJIYOYINMU



A littafin ƙungiya akwai shafin da muke rubuta baƙin da suka zo mana da takarda. Da muka zauna duba shi bayan Juma'ar da ta wuce, sai muka ga yawancinsu ɗalibai ne masu neman digiri na biyu ko na digirgir. Wannan ya zo da kwalabe ya ɗebi ruwan rijiya. Wancan ya huda gona ya ƙulla ƙasa a leda. Wani ya kafa ƙarafa a fili, ya ja musu waya, ya ce lantarki yake turawa cikin ƙasa don ya gane inda ruwa ke kwance. Kowannensu mun kai shi gaban Jauro, mun haɗa shi da yaron da zai zaga da shi, mun ba shi fura. Su yi godiya, su hau babur, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Zuwansu ba abin mamaki ba ne. Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei an kafa ta tun 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, kuma ta daɗe tana yaye masana kimiyya da injiniyoyi. Ga Jami'ar Amurka ta Najeriya a cikin Yola, ga ta jiha a Mubi, ban da masu zuwa daga wasu jihohi. Abin bincike kuwa ba ya ƙarewa a ƙasar nan. Mun ga ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya biyo kogin Binuwai. Maganar madatsar Dasin Hausa da aka ce za ta tare shi, tun muna yara muke jinta. A watan Yulin 2025 kuma ruwa ya ci Shagari da Yolde Pate da Sabon Pegi, aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙansu. Duk ɗalibin da ke neman matsalar da zai yi nazari a kai, ba sai ya yi nisa ba.

Har mun fara gajiya. A wani taro ɗaya daga cikin dattawanmu ya ce, "Sakatare, wai mu gonar gwaji ce? Su ɗebi ruwanmu su samu digiri, mu kuma mu ci gaba da shan abin da ba mu sani ba." Babu wanda ya iya ba shi amsa.

Sai bara wata yarinya ta canja mana tunani. Ta zo da damina ta ɗebi ruwa a rijiyoyi da burtsatse, ta jera kwalaben a cikin kula mai ƙanƙara, tana ta sauri. Muka tambaye ta dalili, ta ce idan ruwan ya wuce 'yan sa'o'i bai isa ɗakin gwaji ba, ƙwayoyin da ke ciki za su canja, aikin ya lalace. Da rani ta sake zuwa ta ɗiba. Muka ce to, wata ma ta tafi. Bayan watanni sai ga kiranta: "Baba Sakatare, ina so a tara mini mata da masu rijiyoyin, akwai abin da zan faɗa musu."

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Jauro. Ba ta karanta mana kundinta ba. Da Hausa ta yi bayani, wata uwa tana juyawa da Fulatanci saboda tsofaffi. Ta ce abu biyu ta fi nema a ruwan. Na farko wata ƙwayar cuta da ke zama a hanjin mutum da na dabba; duk ruwan da aka same ta a ciki, to najasa ta isa wurin, kuma ta wannan hanyar ce taifod da amai da gudawa ke shiga gida. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. Na biyu sinadarin naitiret, wanda ke zuwa daga masai da turken dabbobi da takin zamani. Iyakarsa miligiram 50 a lita ɗaya, kuma jarirai ya fi cutarwa. Ta ja kunnenmu cewa tafasa ruwa yana kashe ƙwayar cuta, amma ba ya cire naitiret.

Daga nan ta ambaci rijiyoyin da ta samu matsala a cikinsu. Duka suna kusa da masai ko turke, bakinsu a ƙasa, ba murfi, guga na kwana a cikin taɓo. Samfurin damina ya fi na rani muni, domin ruwan sama na wanko ƙazanta ya zuba, ƙasa kuma ta jiƙe har masai da rijiya su haɗu ta ƙarƙashi. Ɗaya daga cikin rijiyoyin nan ta gidanmu ce. Damina biyu muna kai ƙaramin yaronmu asibiti da ciwon ciki, muna ɗora laifin a kan haƙori. Ruwan fari tas, ba wari, wa zai zarge shi?

Shawarar da ta bayar ba ta fi ƙarfin talaka ba. A ɗaga bakin rijiya da bulo, a yi mata daɓen siminti da murfi, a rataye guga. Sabon masai ya yi nisan kamar mita 30 da rijiya, kuma ya kasance ta gangare. Ruwan da jariri zai sha a ɗebo daga burtsatsen da gwajinsa ya fita lafiya. Ƙungiya ta yi karo-karo aka gyara waɗanda aka iya, guda kuma aka bar ta don wanki da kwaɓin ƙasa.

Da muka raka ta bakin titi ne muka ji nata. Kuɗin sinadaran gwaji daga aljihun mahaifinta suka fito. An ɗauke wuta sau ɗaya samfuranta suka lalace, shi ya sa ta dawo ɗiba karo na uku. Karatun da ya kamata ya ƙare cikin shekara biyu ya ja, don yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Ta ce da yawa cikin abokan karatunta ba raini ya hana su komawa ba. Suna gama kare kundi sai neman abinci ya ɗauke su, kundin kuma ya tafi kanta a ɗakin karatu, da Turancin da ko mu masu difloma sai mun nemi ƙamus. Muka ji kunyar wasu maganganun da muka yi a bayansu.

Saboda haka ga abin da kwamiti ya tsayar. Ƙofarmu a buɗe take ga duk ɗalibin da ya zo bincike, za mu ba shi ɗan rakiya da masauki idan yana buƙata. Amma kafin ya ɗebi ko kofi ɗaya, zai rubuta lambarsa da ta malamin da ke duba aikinsa, ya kuma yi alkawarin dawowa ya gaya mana abin da ya gano da harshen da kakarmu za ta fahimta. Idan kuɗin mota ne matsala, ƙungiya za ta biya. Za mu roƙi takarda shafi ɗaya mu ajiye, don wanda ya zo daga baya ya ɗora daga inda aka tsaya.

Ku kuma 'ya'yanmu da ke karatun kimiyya da injiniya, a Girei ko Zariya ko Maiduguri, idan lokacin zaɓen abin bincike ya yi, ku tuna gida. Muna son sanin ta inda ruwa zai bi idan aka sake yin ambaliya irin ta 2025, da dalilin da ya sa wasu gonakinmu suka daina ba da masara ko an zuba taki, da yadda famfon sola zai daɗe bai mutu ba. Jerin yana wurin sakatare, mai so ya zo ya duba.

Wanda yake da rijiya kusa da masai, ya yi magana a taron wata mai zuwa. Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Amin.

Sakatare, a madadin kwamiti.