Malamin Labarin Ƙasa da Kogin da ke Ƙofar Gidanmu

A wannan wata muna so mu tattauna a kan darasin labarin ƙasa da ake koya wa 'ya'yanmu a lakwal, da kuma hannun da malamai suke da shi a cikinsa.

Kowa ya sani ba a Malanville ake rubuta manhaja ba. Daga kudu take zuwa, tafiyar fiye da kilomita 700, kuma iri ɗaya ce ga ɗan Kotonu da ɗan Kandi. An sha sauya ta: a 1975 aka kawo tsarin Sabuwar Makaranta zamanin Kerekou, bayan babban taron ilimi na 1990 kuma aka shiga sabon tsari. Amma mu da muka zauna a benci, yau kuma muke duba littattafan yaranmu, mun lura da abu ɗaya: takarda tana faɗin abin da za a koyar, malami ne yake zaɓen misalin da yaro zai tafi da shi gida.

Mu ɗauki darasin yanayi. A kudancin Benin damina biyu ake yi a shekara, rani biyu. Mu nan arewa damina ɗaya gare mu, sai hunturu da bazara mai zafi. Wani malami zai rubuta wannan a allo, yara su haddace, shi ke nan. Wani kuwa zai tambaye su yaushe ruwan Kwara yake cika, yaushe ake dasa albasa, me ya sa shinkafar fadama take jiran ban-ruwa. Manhajar ɗaya ce, amma ɗaliban na biyu sun gane cewa gonar babansu ma tana cikin littafi.

Haka batun iyaka. A taswira layi ne siriri tsakanin Benin da Nijar. A wurinmu gada ce tsakaninmu da Gaya, ta farko an gina ta a 1958. A ranar 12 ga Yuli 2005 Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke hukunci cewa iyakar tana bin babbar hanyar jiragen ruwa a cikin kogi, ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, ta ba Benin 9. Bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023 kuma aka rufe gadar, manyan motoci suka yi jerin gwano a kan hanya, mutane da kaya suka koma kwalekwale, kasuwarmu ta ji a jikinta. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar a haddace masa ma'anar iyaka. Yana bukatar malamin da zai ɗauki abin da ya gani ya nuna masa dalilinsa: Nijar ba ta da teku, jirgin ƙasa daga tashar Kotonu a Paraku ya tsaya, don haka kaya a mota suke ratsa garinmu.

Akwai kuma tambayar da 'ya'yan Hausawa suke yawan yi: yaya aka yi muka zo nan, cikin Dendawa da Fulani da Zabarmawa? Amsarta labarin ƙasa ce tsantsa. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake yake tashi daga Kano da Sakkwato, ya haye Kwara, ya bi ta ƙasar Borgu da Djougou har Gwanja don sayen goro, yana barin zango a kan hanya. Malamin da ya zana wannan hanya a allo ya nuna wa yaronmu cewa kakanninsa suna cikin tarihin wannan ƙasa, ko da littafi ya taƙaita.

Ba mu ce aikin yana da sauƙi ba. Malami yana da jarrabawar CEP da BEPC a gabansa, tambayoyinta na ƙasa baki ɗaya ne, dole ya gama manhaja kafin lokaci. Ajujuwa cike suke, taswirar bango ma ba kowane aji yake da ita ba. Da yawa daga cikin malamanmu daga kudu aka turo su, ba su jin Dendi ko Hausa, wasu kafin su san gari an sake musu wurin aiki. Wanda bai taɓa ganin ambaliyar Kwara ta cinye gona ba, ba laifinsa ba ne idan ya kawo misali da kwakwar manja.

A nan ne namu aikin yake, domin da ɗan gari akan ci gari. Ƙungiyar iyayen yara tana iya gayyatar malamin labarin ƙasa ya zaga kasuwa ranar cinta, ya ga inda albasa da masara da gari suke fitowa da inda suke nufa. Masunta da masu kwalekwale sun san kogin nan tsibiri-tsibiri, dattawan zango sun san hanyoyin fatauci. Idan aka haɗa su da malami na yini ɗaya, abin da ya ji zai shiga darasinsa, ya kuma kai wa abokan aikinsa a zaman da suke yi don tsara darussa. Kuɗin taswira ɗaya kuwa bai fi ƙarfin iyayen aji guda ba.

Muna roƙon malamai su riƙa fara darasi daga abin da yaro ya sani kafin su kai shi nesa. Mu iyaye kuma mu riƙa tambayar yaranmu abin da aka koya musu, mu ƙara musu da namu sani.