Abin Da Na Gano A Birnin Santambul

A wannan mako ina so in ba ku labarin wata tafiya da na yi bara, lokacin dogon hutun makaranta, zuwa Santambul, watau birni mafi girma a ƙasar Turkiyya. Ba yawon shan iska ya kai ni ba, yayata na raka. Tun tana ƙarama ake yi mata kitso mai tsauri, har gashin gaban goshinta ya zube sarai. Shekara da shekaru ba ta yarda ta cire ɗankwali gaban mutane, ko da a gidan biki cikin mata. Da maigidanta zai tafi sarin tufafi a unguwar Laleli, sai ya ce mu tafi tare a yi mata dashen gashi.

Birnin a bakin ruwa yake. Wani mashigin teku da ake kira Bosforus ya raba shi biyu, sashe ɗaya a Turai, ɗaya a Asiya, mutane suna ƙetarewa cikin jiragen ruwa kamar yadda mu ke shiga mota zuwa kasuwa. Mun je Aya Sofiya, ginin da aka gama tun shekarar 537, da masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6 da ke fuskantarsa. To, a filin da ke tsakaninsu na ga abin mamaki. Ga maza nan, Larabawa da Turawa, kai aske ƙwal, ƙeya da bandeji, tsakar ka duk jajayen ɗigo, suna ta ɗaukar hoto ba ruwansu. Da fari na zaci haɗarin mota aka yi. Ashe masu sanƙo ne da suka zo daga ƙasashe dabam dabam, domin birnin ya yi suna a wannan aiki.

Kada ku zaci likita yana ƙirƙiro sabon gashi. Kun dai san yadda mai lambu ya ke ciro irin albasa daga wurin reno ya dasa a fangali. To, haka abin ya ke. Akan yi allurar kashe zafi, sa'an nan a ciro gashin ƙeya da saiwarsa ɗaya bayan ɗaya, a dasa inda babu. Wani likitan Japan mai suna Okuda ya bayyana dabarar a 1939, kana Dokta Orentreich na Amurka ya yaɗa ta a 1959. Na yayata ya ci yini guda. Likitan ya ce irin gashinmu ya fi wuyar cirowa, don saiwarsa a lanƙwashe ta ke a ƙarƙashin fata. Ya kuma tambaye ta ko jikinta yakan yi tabo mai tudu in ta ji rauni, domin mai irin wannan jiki sai an yi hattara.

Amma fa babban aikin bayan an fito ne, kuma ni ya faɗo wa. Kwanakin fari a jingine ta ke barci bisa matashin kai biyu, rigingine, don kada dashen ya gogi shimfiɗa. Ran kwana na 3 goshinta ya kumbura har ya sauko wajen ido. Na tsorata ƙwarai, amma aka ce ba kome, kuma cikin 'yan kwanaki ya saɓe. An hana ta sunkuyawa, da shiga rana, da aikin da zai sa gumi, da ɗaura ɗankwali tamau.

Wanke kai kuwa sai da aka koya mini. In shafa wani mai na laushi da suka ba mu, in bar shi ya jiƙa ɓawon ciwon, sa'an nan in ɗora kumfar sabulu da tafin hannu a hankali, in zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi da kofi. Ba cuɗawa, ba farce, ba mataji. Ƙaiƙayi ya dame ta, har nakan riƙe mata hannu da dare, domin kafin kwana 10 saiwar ba ta gama kamawa ba, susa ɗaya tana iya tumɓuke ta. Wajen mako 2 ɓawon ya kaɗe. An kuma gargaɗe mu, in muka ga mugunya, ko zazzaɓi, ko zafin da ke ƙaruwa, mu nemi likita nan da nan.

Bayan mun komo gida da kamar wata guda, sai gashin da aka dasa ya soma zuba. Yaya ta yi kuka, ta ce kuɗin mijinta ya bi ruwa. Na tuna mata abin da aka gaya mana: gashin ne ya faɗi, saiwar tana nan da rai. A wata na 4 sabo ya fara tsirowa, siriri kamar na jariri. Yanzu ya rufe goshin, ko da ya ke bai kai cikar na dā ba, kuma an ce sai an shekara a ga iyakarsa.

To, 'yan'uwa, ga abin da na gano. Wahalar nan duka, da kuɗin nan duka, asalinsu hannun makitsiya ne da ya cika ja. In kin ga 'yarki ta dawo daga kitso fatar goshi ta ɗame, ko ƙananan ƙuraje sun feso a bakin kitson, ko ta kasa barci don ciwon kai, ki sa a tsefe shi ran nan, kada ki ce kuɗin kitso zai tafi a banza. In an sassauta da wuri gashi yakan komo. In an daɗe ana ja har saiwa ta mutu, man kaɗe da man shanu ba su tayar da ita. Ku riƙa sauya kitso, yau shuku, gobe kalaba, ku bar kai ya huta tsakani. Ku kuma 'yan makaranta, in kitso ya yi zafi ku faɗa, ba rashin kunya ba ne.

Rigakafi ya fi magani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.