Barbarar Awaki: Tsakanin Poitou da Cikin Birnin Kano

A yankin Poitou na yammacin Faransa, inda nake zaune yanzu, akuya ba ta neman bunsuru sai yini ya fara gajarta. Awakin tatsa na yankin, irin Alpine da Saanen, daga wajen Satumba suke shiga barbara, su haihu bayan wata biyar. Sai nono ya yi ambaliya a wasu watanni, ya ƙafe a lokacin sanyi, ga masu yin cuku kuwa kullum suna nemansa. Dole ta sa makiyayan nan suka koyi sa akuya ta ɗauki ciki ba a lokacinta ba.

Na ga yadda ake yi. Wani ɗan soso mai ɗauke da sinadarin da ke hana ƙwai fita ake sanya wa akuya a gabanta, ya kwana 11. Saura kwana biyu a cire, sai a yi mata allurai biyu, ɗayar daga jinin goɗiya mai ciki ake samo ta. Bayan awa 43 da cire soson, a ɗura mata maniyyin bunsuru. Dabarar tana ci, amma tana da tsada, kuma idan aka yawaita allurar jikin akuya yakan daina amsa ta. Shi ya sa masu bincike na INRAE, cibiyar binciken noma ta Faransa, suka ƙarfafa wasu hanyoyin: a kunna fitilu a garke cikin hunturu har haske ya kai awa 16 a rana, daga baya a rage, a kuma raba bunsuru da awaki na makonni, sannan a sako shi kwatsam. Warinsa da kai-kawonsa sukan tayar da yawancinsu cikin 'yan kwanaki.

A unguwannin Kano irin Yakasai ko Jakara wa ya taɓa kunna wa akuya fitila? Kano tana kusa da tsakiyar duniya, tsawon yini bai cika sauyawa ba, don haka jar akuyarmu, wadda fatarta ta fitar da sunan majeman birni, kowane wata tana iya ɗaukar ciki, ga yawan tagwaye. Da uwar gida ta ji akuyar ta dami gidan da kuka tana kaɗa bindi, sai ta aiki yaro ya aro bunsurun maƙwabta, ko ta kwance ta daga turke ta fita lungu.

Abin da ke hana tamu haihuwa yunwa ce. A ƙarshen rani, harawa ta yi tsada, dusa ta yi wuya, akuya ta rame tana tsintar leda a bola. Ko ta ɗauki ciki sai ta yi ɓari, ko ta haifi 'ya'yan da ba su da nonon sha. Wannan yana ci mini rai, domin akuyar nan ita ce asusun matar aure, kuɗin magani da kayan ɗakin 'yarta.

Ban ga amfanin soso da allura ga mai akuya uku a tsakar gida ba. Dabarar bunsuru kuwa kyauta ce. A tsare shi, a ƙara wa awaki dusa da kowa na mako uku, sannan a haɗa su a Mayu ko Yuni, haihuwa ta faɗo a kaka, lokacin da abinci ya wadata. Malaman dabbobi na Kano da masu bincike na cibiyar binciken dabbobi ta Shika su shiga unguwanni su koya wa mata wannan.