Tafukan Hannu a Tudun Shakarparian

Da ƙuruciya, in na sauka baƙon gari, kasuwa nake fara tambaya. Yanzu da furfura ta game kai, tudu nake nema, inda zan zauna in ƙare wa garin kallo kafin in buɗe baki a kansa. A Islamabad, babban birnin Pakistan, Shakarparian ne wannan wurin: tudu mai faffaɗan lambu, inda magidanta kan kawo iyalansu shan iska da la'asar.

In ka fuskanci arewa daga can sama, duwatsun Margalla ne suka tokare sararin samaniya. Ga Masallacin Faisal a gindinsu, fari fat, da hasumiya huɗu, wanda aka kammala a 1986 da kuɗin Saudiyya. Birnin kansa yaro ne. A takarda aka fara zana shi, aka gina a shekarun 1960 bayan an ɗauke fadar mulki daga Karachi.

A wani sashe na lambun akwai itatuwan da shugabannin ƙasashen waje suka dasa, kowace da allon sunan mai ita. Na karanta kaɗan na wuce. Mai sunan ya zuba ƙasa cokali guda, ya hau jirginsa. Wanda ya yi ta ban ruwa rani da hunturu har itaciyar ta yi inuwa, ba wanda ya rubuta nasa.

Ginin tunawa da tarihin ƙasar yana kan ƙololuwar tudun, an siffanta shi da fure mai buɗewa. Manyan ganyayensa huɗu na dutse suna wakiltar lardunan Punjab, Sindh, Balochistan da Khyber Pakhtunkhwa, ƙanana uku kuma sauran yankuna. An buɗe shi ranar 23 ga Maris, 2007, ranar da suke tunawa da ƙudurin Lahore na 1940 da ya share fagen kafa ƙasar. A cikin ganyayen an sassaƙa Muhammad Ali Jinnah, uban ƙasar, da ƙanwarsa Fatima da mawaƙi Iqbal. Haɗin kai ginin yake wa'azi, kuma na ji wa'azin har zuciya, don ina da wayona a 1971 lokacin da gabashin ƙasar ya ɓalle ya zama Bangladesh bayan an zubar da jini mai yawa. Wanda ya taɓa rasa ɗan'uwa shi ya san darajar waɗanda suka rage.

Amma inda na fi daɗewa a tsaye wani bango ne a gefe, wanda aka dangwala tafukan hannun waɗanda suka yi aikin. Mai zanen ginin, Arif Masoud, sunansa na cikin littattafai. Su kuwa masu sassaƙa da masu ɗaukar dutse, hannunsu suka bari. Na ɗora nawa a kan ɗaya, sai na tuna birkilolin da na sani a rayuwa, waɗanda suka gina makarantu da masallatai, ranar buɗewa kuma suna can bayan rumfa ba wanda ya kira su. Wallahi shekaru sun koya mini cewa rashin ambato yakan fi ƙarancin lada ciwo.

Da na dawo gida na tarar ɗana yana ginin gidansa. Na ce masa ranar da za a yi daɓen zaure ya tara magina da leburori, kowa ya danna tafinsa a simintin tun yana ɗanye, a rubuta sunansa a ƙasa. Ya ce, “To, Baba.” Haka kuwa aka yi, har da yaron da ke turo musu ruwa a kura.